In Famfon Injin Gas Ya Fara Yoyo

Yanzu da aka gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, motocin noma sun sami hutu. To, wannan shi ne lokacin da ya kamata mai tarakta ya zagaya motarsa ya dube ta da kyau, tun ruwa bai sauka ba. Gama wanda ya bari sai ranar da aka yi ruwan shuka sa'an nan ya tafi neman makaniki, zai tarar waɗansu sun riga shi, kuma kowace rana da motar ta kwana a tsaye kuɗin haya ne ya wuce shi.

Cikin cututtukan da ke kama tsohon injin gas, babu wadda aka raina kamar yoyon mai a jikin famfo. Famfon da a ke nufi shi ne wanda makanikai ke kira injekta, watau wanda ke auna mai ya tura shi ta cikin siraran bututan ƙarfe zuwa nozul, nozul kuma ya fesa shi cikin silinda. Sai a ga gefen injin kullum a jiƙe, ƙura ta manne ta yi baƙi ƙirin, mai motar kuwa ya ce ai tsufa ne, tun da tana tashi tana ja, a bar ta.

Wanda ke so ya san abin da "a bar ta" ke ci masa, sai ya ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashin wurin, injin yana aiki. A ce gwangwanin ya cika cikin awa guda. Gwangwani shida lita ɗaya ne ko kusa da haka, saboda haka aikin awa 10 ya zubar da fiye da lita ɗaya da rabi. In aka yi kwana 60 ana huɗa da haro a haka, an shayar da ƙasa lita 100 ke nan, rabin duro. Da yayyafi kogi kan cika. Ga shi kuma tankin yawancin tsofaffin taraktoci a bisa injin ya ke, in ba a rufe makullin mai da ke ƙarƙashin tanki ba, ɗigon ya kan ci gaba har cikin dare.

Asarar man ma ita ce ƙarama. Ƙofar da mai ke fita da rana, ta nan iska ke shiga da dare bayan injin ya huce. Da safe sai a yi ta murza makulli har batir ya mutu, a koma turi ko ja da wata mota. Banda wannan, gas yana ruɓar da tiyon roba da rigar wayoyin lantarki, in kuwa ya haɗu da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa kusa da salansa mai zafi, an haɗa kayan gobara.

Irin famfon da ke jikin motar

Famfunan da ke kan tsofaffin injuna iri biyu ne manya. Akwai na jere, wanda kowace silinda ke da nata ɗan famfo, bututan kuma suna fitowa ta sama a layi ɗaya. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara yin irinsa da yawa a 1927, kuma famfon Simms da ke kan Fordson Major irin wannan ne. Na biyu shi ne mai juyawa, ƙarami, bututansa suna fitowa ta baya a zagaye. Wanda aka fi sani shi ne DPA, wanda kamfanin CAV na Ingila ya fara yi a 1956 bisa tsarin wani Ba'amurke, Vernon Roosa. Shi ne a kan Massey Ferguson 35 mai silinda uku, da 135 wadda aka yi daga 1964 zuwa 1975, da 165, da yawancin ƙannensu masu injin Perkins. A jikin ɗan allon da ke manne da shi za a ga an rubuta CAV, ko Lucas CAV, ko Delphi, bisa ga zamanin da aka yi shi. Yawancin bayanin nan a kansa ne, domin motocin da ke ɗauke da shi har yau suna noma a gonakin Arewa.

Abin da ya kamata a fara sani game da DPA shi ne, ba shi da baƙin mai nasa. Cikinsa duka cike ya ke da gas har wuya, kuma gas ɗin nan ne ke masa aikin man shafawa. Saboda haka duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a jikinsa, da duk inda sanda ta ratsa ta fito waje, roba ce ko gaskit ke tare mai. Ranar da robar ta gaji, ranar yoyo ya fara. Can ciki kuwa, ƙarafan da ke matsa mai an goge su sun dace da juna har tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na milimita ba. Kaurin gashin kai ya ninka wannan fiye da sau 20. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta kashe famfon.

Tsufa da zafi ne ke busar da roba, amma akwai wani dalili da ba kowa ya lura da shi ba, watau canjin man kansa. Gas na da yana da farar wuta da yawa, da waɗansu sinadarai masu sa roba ta kumbura ta toshe wurinta da kyau. In aka tace mai don a rage farar wuta, waɗannan sinadarai su ma su kan ragu, sai tsohuwar robar da ta shekara a kumbure ta tsuke, ta bar kafa. An ga haka a Amurka a 1993, sa'ad da aka rage farar wutar gas zuwa kashi 500 cikin miliyan, tsofaffin famfuna da yawa suka soma yoyo. A 2020 ƙasashen ECOWAS su ma suka amince kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Saboda haka in motar da ta daɗe a bushe ta fara naso bayan an sayi mai daga wani sabon wuri, kada a yi saurin zagin mai gidan mai, mai yiwuwa ne man ya fi na da tsabta. Maganin abin shi ne zoben roba irin wanda a ke kira Viton, wanda ya fi jure zafi da sabon mai.

A fara da neman wurin

Yawancin kuɗin da a ke ɓatawa a wannan gyara, a kan wurin da lafiyarsa lau a ke ɓata shi. Mai ba ya hawa tudu, gangarowa ya ke yi, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Inda ɗigon ke faɗuwa dabam, inda ya fito dabam. Sau da yawa filtar mai da ke sama, ko siririn bututun da ke mai da rarar mai daga nozul zuwa tanki, su ne ke ɗiga a kan famfon, a yi ta zarginsa a banza.

A bari injin ya huce. A wanke famfon da kewayensa da kananzir da buroshi, a goge ya bushe sarai. A daka allin makaranta ya yi laushi, a barbaɗa a kan murfin famfon da bakin kowane bututu da kowane noti. Sa'an nan a tayar da injin a zuba ido. Wurin da allin ya fara yin duhu, mafi tsawo a cikinsu, nan ne ɓarawon ya ke. Kada a kuskura a watsa wa famfo mai zafi ruwan sanyi injin yana aiki, gama jikin waje zai tsuke kafin na ciki, abin da ke juyawa ya cije, famfo ya tashi daga aiki.

Ga gargaɗi kuma wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Iskar tayar ƙaramar mota 30 ce da 'yan kai a ma'aunin mai faci. Man da ke bi ta bututan ƙarfe zuwa nozul ya kan kai wajen 2,500 a wannan ma'auni. In bututun ya yi tsaga ƙarama, man da ke fita ba a cika ganinsa ba, amma yana huda fata kamar allura. Kada a bi bututun da yatsa ana neman yoyo, a kara ɗan kwali a ga inda ya jiƙe. Wanda man ya huda, ko da ramin bai fi bakin allura ba, kuma ko ba ya jin zafi sosai, a kai shi asibiti a wannan sa'a, a gaya wa likita gas ne ya shiga da ƙarfi. Irin wannan rauni sai an tsaga an wanke, in aka kwana ana shafa magani a gida yatsa ko hannu na iya ruɓewa.

Washa da bututu

In Allah ya sa yoyon a bakin bututun da ke kawo mai ne, ko wanda ke mai da shi, an yi sa'a. A nan akwai noti mai rami a ciki, da washa biyu ta jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Washar tana toshewa ne saboda taushinta, in an ɗaure sai ta lotsa ta cike duk wata kafa. In aka kwance aka ɗaure sau biyu sau uku, sai ta taurare ta daina lotsawa. Daga nan ƙarin ɗauri ba ya ƙara kome sai ya cinye zaren notin ko ya karya shi, don ramin da ke cikinsa ya rage masa ƙarfi. A sa sabuwa, kuɗinta bai kai na lita ɗaya ta mai ba. In ana daji babu sabuwa, a rataya tsohuwar a waya, a gasa ta a wuta har ta yi ja, a tsoma a ruwa. Baƙin ƙarfe in an yi masa haka tauri ya ke yi, amma jan ƙarfe laushi ya ke komawa. A goge fuskokinta a kan sanfefa mai laushi, a wanke da gas, a mayar. Wannan dabara ba ta yi wa washar alminiyam, narkewa za ta yi.

Bututan ƙarfe masu zuwa nozul ba su da washa, bakinsu ne mai tsini ke zama cikin gurbinsa. In ɗaya yana naso, a sassauta shi ta kai biyu, a daidaita bakin ya zauna sosai, a ɗaura da hannu tukuna sa'an nan da sufana, ana riƙe da na ƙasa da wata sufana don kada ya juya. In ya tsage, ba a kai shi wurin mai walda. Liƙin ba ya daɗewa, kuma ɓurɓushin da ya faɗa ciki nozul zai tafi. A nemi wani mai tsawo ɗaya da faɗin rami ɗaya. 'Yan maƙalan da ke riƙe bututan tare, waɗanda yaran mota ke yarwa don sun ga ba su da amfani, su ne ke hana girgiza ta tsaga su, a mayar da su wurinsu.

Farin tef na masu gyaran famfon ruwa, da gam na cikin kwalba, da zaren buhu, duk ba su da wuri a nan. Abin da ya guntule daga jikinsu ciki zai shiga.

Murfin sama

Yoyon da ya fi yawa a DPA daga murfin sama ya ke fitowa. Murfin nan noti biyu masu rufaffen kai ne ke riƙe da shi, da washa a ƙarƙashin kowanne, da gaskit tsakaninsa da jikin famfon. 'Yan sanduna biyu sun ratsa shi sun fito sama, ɗaya ta totur, ɗaya ta kashe injin, kowace da zoben roba biyu a wuyanta. Su ne suka fi wahala, domin kullum cikin juyi su ke. Mutum mai natsuwa yana iya canja su ba tare da ya cire famfon daga jikin motar ba. Mai gaggawa kuwa gara ya biya wani ya yi masa.

A sayi kayan tukuna. A kwafi lambobin da ke kan allon famfon duka a tafi da su kanti, a sayi ƙunshin da ya ƙunshi gaskit da zobba da washa. Zoben da a ke tsinta ɗai ɗai a faranti a kasuwa, wanda ba a san robar da aka yi shi da ita ba, araha ce wadda ba ta ado. Launi ma ba shaida ba ne, a saya a wurin wanda aka amince da shi.

Sai wurin aiki. Kada a buɗe famfo a fili ranar da hunturu ke busawa. A shigar da motar rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, a sake wanke famfon, a wanke hannu. A tanadi kwano mai tsabta da gas a ciki don zuba ƙananan kaya, da leda sabuwa ta rufe wuri. Tsumma mai zubar da gashi da auduga ba su shiga wannan aiki. A rufe makullin mai, a cire kan batir, a sa roba a ƙasa, don mai zai zubo in an ɗaga murfin.

A cire ƙarafan da suka taho daga wurin direba zuwa hannayen sandunan biyu. Kafin a kwance hannayen, a yi musu alama yadda kowane ya zauna, ko a ɗauki hotonsu da waya. A kwance notin kan kowace sanda, a zare hannun, a jera kayan bi da bi yadda suka fito. Akwai sukurori biyu a kan murfin waɗanda hannun totur ke tokara, ɗaya na silo, ɗaya na iyakar gudu, shi ne wanda a ke ɗaure wa waya da darma. Ba ruwan mai wannan aiki da su. Waɗansu direbobi su kan warware na gudun wai don mota ta ƙara ƙarfi. Kwanan injin kawai su ke ragewa.

To, ga inda a ke yin ɓarna. A ƙarƙashin murfin akwai sifirin na gwamna, watau abin da ke hana injin wuce gudun da aka yanka masa. Kansa ɗaya yana maƙale da gindin sandar totur, ɗayan kuma da hannun gwamna. In aka kwance notin nan biyu aka fizge murfin sama, sifirin zai miƙe ya lalace, ko ya ɓalle ya bar mutum bai san inda ya fito ba. Abin yi shi ne, a sa babban yatsa a danna sandar totur ƙasa, ana ɗaga murfin a hankali, har sandar ta zare ta zauna a kan famfon tare da sifirinta. Sandar kashewa ita ta kan biyo murfin, sai a tura ta ta fita daga baya.

Da zarar an ɗaga, kafin a taɓa kome, a duba a rubuta. Gindin sandar totur huji uku gare shi, hannun gwamna ma uku, watau hanya tara ke nan da za a iya maƙala sifirin, ɗaya ce kaɗai daidai ga wannan injin. In aka sa shi a wani huji, ko dai motar ta rasa ƙarfi, ko ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, ko ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Cikin lambobin da ke kan allo akwai wadda ke nuna hujin, daga 1 zuwa 9, kuma masu gyaran famfo suna da takardar fassararta. Amma abin da ya fi sauƙi shi ne kada a ɓalle sifirin ko kaɗan. A ɗayan kansa akwai wata 'yar ƙusa da ɗan ƙaramin sifirin nata, in babban ya saki su kan faɗa cikin famfon.

A rufe bakin famfon da leda, a bar sandar totur a waje. A ciro tsofaffin zobban da tsinken itace ko ƙaya, ba da sukudireba ba, don in aka karce gurbinsu sabon zobe ba zai toshe ba. Su kan fito a farfashe kamar busasshiyar fata, a ƙirga guntayen kada wani ya ɓace. A naɗe zaren kan sandar da 'yar takarda don kada ya yanki sabon zoben, a jiƙa shi da gas, a zura, a tabbata bai murɗe ba. A cika tsakanin zobban biyu da ɗan giris mai tsabta. Haka za a yi wa sandar kashewa. Kafin a sa zobban, yana da kyau a zura kowace sanda cikin raminta na murfin a girgiza. In tana rawa sosai, ramin ya cinye, kuma sabon zobe zai yi 'yan watanni ne kawai, sai an sake murfi ko sanda. A kankare tsohon gaskit ana turo shi waje, a duba murfin a kan gilashi ko ya lanƙwashe saboda ɗaurin da aka yi masa a baya.

Wajen mayarwa abu ɗaya ne ke ba da wahala. A gindin sandar kashewa akwai ɗan haƙori, a kan famfon kuma akwai wani siririn ƙarfe kwance mai tsaga a kansa. Lalle haƙorin ya faɗa cikin tsagar. In bai faɗa ba, ko injin ya ƙi tashi, ko ya tashi ya ƙi mutuwa. A shimfiɗa sabon gaskit, a turo sandar totur ta raminta daga ƙasa, a sauke murfin a hankali ana ɗan juya sandar kashewa har a ji ta shiga. Murfin da ya zauna daidai da kansa ya ke kwanciya, in ya tokare kada a matsa shi da noti, a ɗaga a sake. A sa sababbin washa, a ɗaure notin biyu kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan wancan, da gajeriyar sufana da yatsu biyu. Murfin alminiyam ne, ba ya son ƙarfi. A mayar da hannaye bisa alamarsu, a gwada: na totur ya ja da nauyin sifirin, na kashewa ya tafi ya dawo ba tare da cijewa ba.

Fitar da iska da tayarwa

A buɗe makullin mai. A sassauta sukurin kan filta, a yi ta buga hannun ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki har kumfa ta ƙare, mai zalla ya fito, a ɗaure. In hannun ba ya jan kome, a ɗan juya injin zagaye ɗaya a sake gwadawa. A jikin DPA akwai ƙananan sukurori biyu na iska, masu shan sufana 5/16, ɗaya a gefe ɗaya a murfi. A fara da na ƙasa, a gama da na sama, kuma a ɗaure su da tausayi, don karyewarsu ba wuya. Daga nan a sassauta bututu biyu a bakin nozul, a buɗe totur, a murza makulli har mai ya riƙa tsartuwa, a ɗaure, a rage totur.

Kafin a tayar, a sa giya a furi, a cire tiyon da ke kai iska cikin injin, wani ya tsaya da guntun katako mai faɗi a hannu. In an yi kuskure a gwamna, injin yana iya ɗaukar gudu ya ƙi sauraron kowa, kuma abin da zai kashe shi nan take shi ne a toshe masa iska da katakon. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma, zai haɗiye. In ya tashi lafiya, a gwada kashewa tun kafin a ƙara wuta. Sa'an nan a mayar da tiyo, a goge, a sake barbaɗa alli, a bar shi ya yi zafi a duba.

Abin da ya fi ƙarfin gida

Akwai yoyon da ba a gani, shi ne kuwa mafi sharri. A gaban famfon, inda sandarsa ta shiga cikin injin, akwai sil. In ya mutu, gas ba ya zuba ƙasa, cikin baƙin mai ya ke gangarawa. Alamarsa, a zaro sandar awon baƙin mai a ga ya ƙaru ba wanda ya ƙara, ya tsinke kamar ruwa, yana warin gas. Mai motar da ke murna wai injinsa ba ya shan baƙin mai, ya sansana sandar tukuna. In aka ci gaba da aiki a haka, injin zai buga, kuma kuɗin wannan ya ninka na sil sau da yawa. Amma kafin a ɗora wa babban famfo laifi, a duba ƙaramin mai jawo mai, don in fatar da ke cikinsa ta huje, shi ma cikin baƙin mai ya ke zuba, kuma gyaransa ya fi sauƙi nesa. Ko wanne ne, bayan gyara sai an juye baƙin man an sake filtarsa.

Wannan sil, da babban zoben da ke tsakanin jikin famfon da kan da bututai ke fitowa, da 'yar na'urar da ke ƙarƙashinsa mai gyara lokacin fesa mai, aikin masu gyaran famfo ne waɗanda ke da injin gwaji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da mai mota zai yi shi ne ya cire famfon da kyau. A kunnen famfon akwai layi da aka zana, wanda ya yi daidai da wani a jikin injin. A nemo su tun ba a kwance ba, in sun shafe a zana sabo da ƙusa mai tsini, gama saitin injin a kansu ya ke. Bayan an zare famfon kada a juya injin, kada kuma a tura motar tana cikin giya. A toshe kowane baki da leda da zare, a naɗe famfon, a kai shi tare da nozul duka a gwada su rana ɗaya. In za a karɓa, a ce a nuna tsofaffin kayan da aka cire.

Masu injin niƙa da na ban ruwa, irin Lister mai silinda ɗaya da 'yan'uwansa na Indiya da na Sin, nasu famfon ya fi wannan sauƙi. In naso daga sama ne, gindin babban notin da bututu ke hawa, washar da ke ƙarƙashinsa ce, sai a wanke a canja. A lura da ɗan sifirin da bawul da ke ciki, su koma yadda suka fito, kuma kada a wuce kima wajen ɗauri, don ya kan matse famfon har ƙarfen da ke ƙara mai da ragewa ya cije. Bayan an ɗaure a tura ƙarfen nan da yatsa, ya tafi ya dawo sumul kafin a juya hannun tayarwa. In kuwa ta gindin famfon man ke fitowa da yawa, ƙarfen cikin ne ya cinye, ba washar da za ta tare shi. Shi da gidansa tare a ke sayensu, don tare aka goge su a masana'anta, ba a haɗa sabo da tsoho.